Taku Goma Sha Tara

Daga bakin shaddar Inna zuwa rijiyar gidan Babikir
taku goma sha tara ne.
Na auna da ƙafa, na koma na auna da igiya,
igiyar ma ba ta yi mini kara ba.

Nan Mai Wurno, bayan tashar motocin Sinnar,
rumfar Inna Barira ta shekara ashirin da biyu
tana ciyar da direbobi ful da kisra,
da yamma ƙamshin agashe ya tsayar da wanda bai yi niyya ba.
Wanda ya ci kuwa, sai ya nemi buta.
Wannan sashen cinikin ba a sa shi a littafi.

Yau ni na sa.
Mutum arba'in a rana, ranar kasuwa saba'in.
Na ce ɗaya cikin uku ke zagayawa.
Inna ta ce, ba ka san direba ba,
sa biyu.
Na sa biyu.

Na ninka da kwanaki, na ninka da shekaru,
na cire abin da baƙar laka ke riƙewa,
na cire abin da damina ke sirkawa.
Sai dai lakarmu da rani tsagewa take
har ɗan akuya ya bar ƙafarsa a ciki,
ƙarƙashinta kuma rairayi ne,
shi ko ba a ba shi ajiya.

Ruwan ƙasa ba ya gudu, ba ya kuma zama.
Jan ciki yake zuwa kogi,
kamu kaɗan a wata,
rijiyar Babikir tana kan hanyarsa.

Naitiret sunan abin.
Ba launi, ba wari, harshe bai san da shi ba.
Ka tafasa, ruwan ya tashi ya bar shi a tukunya.
Miligiram hamsin a lita, nan masana suka ja layi.
Lissafina ya ce tsakanin arba'in da tamanin,
ratar da jaki zai wuce da mangalarsa,
don ban ga cikin ƙasa ba, kirdado nake da alƙalami.

Sai na ja guga.
Na tsoma 'yar takardar gwaji, na ƙirga sittin a zuci.
Ta yi ja-ja
kamar karkade da aka yi wa rowar ganye,
sannan ta ƙara.

Ikhlas, 'yar Babikir, wata biyu da haihuwa.
Nono ya ƙi zuwa,
madarar gwangwani take damawa da ruwan nan.
Na karɓi yaron kamar mai barka,
na daɗe ina duban leɓensa
fiye da yadda baƙo ke duba.
Bai yi shuɗi ba. Tukuna.

Shaddar nan Baba ya haƙa ta da hannunsa
shekarar da aka sa ni makaranta.
Kowane littafi da na buɗe a Madani
daga farantan rumfar nan ya fito.

Na faɗa mata tana goge tire.
Ba ta daina gogewa ba.
Ta ce, Ukasha, wato na biya kuɗi
ka koyo ƙirga bayan gidan baƙina?
Na yi shiru.
Ta kira yaron amalanke,
jarka biyu na famfo, a kai wa Ikhlas, kullum,
kar a ce daga ina.

Bayan isha'i na same ta a bayan rumfa
da tocila a hannu.
Taku nawa ake so?
Na ce ko arba'in, ta gangaren rijiya, a ɗaure da siminti.
Ta kama bakin zani, ta soma,
takunta bai kai nawa ba,
tana ƙirgawa a fili kamar mai ba da canji.

A ashirin da shida katangar masallaci ta tare ta.
Ta tsaya, ta haska bangon,
ta ce, gobe ka raka ni wajen liman,
ka zo da takardar nan mai ja.