Teburi na Bakwai

A Lugbe, inda jirage ke sunkuyowa neman ƙasa,
akwai wani kanti da ya fi filin ƙwallon unguwarmu faɗi.
Shekara shida na yi cikinsa, a teburi na bakwai,
ina nuna wa na'ura kaya, tana cewa ƙit, ƙit,
kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa.

Yanzu ina waje, ƙarƙashin laima,
da 'yar na'urar cire kuɗi a cinyata.
Taku arba'in ne tsakanina da ƙofar. Na ƙirga.

Ƙofar nan mai buɗe kanta in ta ga mutum,
ko mai jiniya ne ko mai gyaran takalmi,
yau an ɗaure mata baki da sarƙa.
Haruffan sunan sun zube ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran tsoho,
saura biyu, kuma ba sa haɗa kalma.

Ba rana ɗaya ya mutu ba.
Layin man girki ne ya fara ramewa,
sai manaja, Mista Ogbole, ya ce mu jero galan-galan gaba
kada ido ya ga ramin da ke bayansu.
Wata uku muna yi wa babu kwalliya.
Aka kashe rabin fitilu saboda dizal.
Aka rage sanyi, kifi ya fara faɗin gaskiya.
Farashi kuwa, sau biyu nake sauya shi kafin la'asar,
har wata Hajiya mai zobe a yatsu uku
ta cire gwangwanin madara daga kwandonta,
ta harare ni kamar ni na haifi dala.

Ranar ƙarshe Barmani ta sashen burodi
ta raba mana abin da ya rage a tanda.
Muka ci a tsaye.
Ba wanda ya ce uffan sai Ɗanlami mai goge-goge,
da ya tambaya ko gobe ma zai zo ya goge.

Filin ajiye motoci bai yi zaman makoki ba.
Da safe masu koyon tuƙi ke zagaye shi,
mota na tari, malami na dafe kai.
Tafasa ta tsaga kwalta ta fito.
Baba Gambo maigadi ya shuka kuɓewa inda furanni suke,
ya ce albashi na iya makara, miya ba ta jira.
Kekunan sayayya ma sun sami aiki:
na ga ɗaya a gindin gada ɗauke da doya,
wani an kwantar da shi kan garwashi ana gasa masara.
Na gane shi. Ƙafarsa ta hagu ce ke karkacewa tun da can.

Masu sayenmu ba mutuwa suka yi ba.
Wasu na latsa waya, babur ya kai musu har ƙofa.
Sauran sun koma wurin mudu,
inda ake tayi,
inda “albarka” ba ƙarshen magana ba ce.
Jiya Hajiyar nan ta zo cire dubu biyar a hannuna.
Zobe ɗaya ya rage. Ba ta gane ni ba,
ni ma ban tuna mata ba.

An ce coci za a yi, an ce ɗakin biki,
an ce magana na kotu.
Tantabaru dai ba su jira hukunci ba.

In rana ta yi tsaka, ciniki ya kwanta,
nakan je in goge gilashi da bakin mayafi in leƙa.
Teburi na bakwai na nan.
Kujerata na kallon ƙofa yadda na bar ta,
takardar rasit ta zaro harshe, ba ta gama magana ba.

Sai in ji ana kira daga laima:
“Baiwar Allah, akwai kuɗi?”
In yi taku arba'in in dawo,
in ce, akwai, amma ka ɗan jira,
sabis ya ɗauke.