Matsar da Katanga

Malam Kyari ya zo bayan la'asar,
kwamfuta naɗe cikin darduma a hammatarsa.
Ya aje ta bisa teburina kamar mai kwantar da jinjiri,
ya ce, "Barira, ta ƙi ni.
Da na buɗe ta sai ta yi ja,
wai ba ta da wuri."

Na leƙa. Faifan gida ne mai ɗaki biyu.
Na gaba, inda injin ke kwana, ya cika maƙil,
ko allura ba ta samun masauki.
Na baya kuwa fili fetal,
sai kaya jibge a kusurwa guda:
rijiyoyi ɗari huɗu da ƴan kai.

Shekara talatin yana bin ƙauyuka da igiya,
Mirriya, Gafati, Dogo, Gidimuni,
yana rubuta gaba nawa aka haƙa kafin a ji laima,
wadda ta ƙafe, wadda ta yi kanwa,
wadda dutse ya ce wa mahaƙa su koma gida.
A Damagaram, inda bido ke kwana layi a bakin famfo,
ba a tambayar amfanin wannan lissafi.

Na ce, "Katangar za mu matsa,
ɗakin baya ya sam wa na gaba taku goma."
Ya ce, "Da tukwane a ciki?"
Na ce, "A'a, sai mun kai su maƙwabta."
Na jona wani faifai, na kwashe komai,
shi kuwa yana ƙirgawa da leɓe, bai yarda da ni ba.
Na ji haushi. Daga baya na ba shi gaskiya.

Sai na kama linzami, na ja iyakar a hankali,
kamar mai jan akuya mai ciki.
Kashi goma. Ashirin da bakwai.
Hayaniyar Kasuwar Dole tana ja da baya,
mai shayi ya fara fifita gawayi.
Sittin da uku,
kuran ya ɗauke.

Fankar rufi ta yi juyi biyu ta tsaya.
Batir tsoho ne, ya ce minti sha huɗu gare shi,
aikin kuma yana neman ashirin.
Katanga ce a tsaye tsakar ɗaki,
ba ta bar tsohon tushe ba, ba ta kai sabo ba.
Na san kaya na maƙwabta,
amma zuciya ba ta karanta rasit.

Na fita ba takalmi.
Gambo tela ya tayar da ɗan injinsa,
riguna shida gabansa, mai bai fi kwalba ba.
Ya dube ni, ya dubi tsohon a bakin ƙofa,
ya zare wayar kekensa ya miƙo,
ya ce, "Zare ba ya tsami."

Tamanin. Casa'in da tara,
nan ta yi zaman da ya fi na duka tsawo.
Ɗari.

Malam Kyari bai buɗe taswira ba, bai duba lissafi ba.
Ya nemi wani ɗan abu can ƙasa, marar suna,
ya matsa, ya kara kunne.
Shiru. Iska. Wani yana cewa a yi shiru.
Ɗaya, biyu, uku,
sai tsakuwa ta sami ruwa: tsulum.

"Ta garinmu ce," in ji shi. "Ta ƙafe bara."

Na ce jaka uku. Ya ce biyu.
Ya naɗe ta cikin darduma,
ya tsaya ƙofar Gambo ya biya kuɗin mai,
abin da ya rage mini, shi ya ba shi.