Abin da Mai Raba Wasiƙu Ya Sani

Shekara talatin da takwas ina raba wasiƙu a garin nan,
garin da bai kai ƙofa ɗari uku ba,
a gaɓar Fotugal, inda teku ke kwana yana tari.

Baƙo in ya zo, hasumiyar fitila yake nema,
ya ɗauki hoto, ya kurɓi kofi, ya kama gabansa.
Ba ya tambayar wa ke hawa matakalarta ɗari da sha ɗaya
kowace magariba, da gwiwa guda mai ciwo.
Custódio ne.
Ya rasu a shekarar da aka sa wa fitilar inji.
Likita ya ce tsufa. Ni na ce rashin abin hawa.

Ƙararrawar cocinmu ma ba tamu ba ce.
Kakanni suka tsamo ta daga jirgin da duwatsu suka farfasa,
da rubutu a bakinta wanda ba mai iya karantawa.
Har yau in ta kaɗa, wasu mutane take kira,
mu dai muna amsawa ne a madadinsu.

Gangara ka ga masana'antar kifin gwangwani.
Rufin ya rufta, tsuntsayen teku sun gaje ta ba takarda.
Mata saba'in, hannu cikin gishiri tun asubar fari,
uwata ce ta sittin da biyu a rajista.
Har aka kai ta makwanci yatsunta na ƙarnin kifi,
sabulu ya yi iya yinsa, ya haƙura.

To, sai bencin nan na bakin mashiga.
Karanta allon tagulla da hukuma ta manna:
“Ermelinda, wadda ta jira mijin da ruwa ya ci.”
Na san ta. Kullum da hantsi tana nan da baƙin gyale,
in na doso ta ɗaga gira, ni kuma in girgiza kai.
Shekara ashirin hirarmu ke nan, ba ƙari.

Ran wata Talata wasiƙa ta zo,
kan sarkin wata ƙasa mai sanyi, rubutun hannun mace,
a bayan ambulan, sunan mijin da aka yi wa makoki tuntuni.
Kwana uku tana jakata, ta fi dutsen niƙa nauyi.
Na huɗu na miƙa mata.
Ta juya ta, ta dubi sunan, ta dube ni,
ta cusa ta a aljihu ba ta buɗe ba.
Ta ce, “Belmiro, yau iska za ta juya kudu.”
Washegari tana kan bencinta.
Ta ɗaga gira. Na girgiza kai.

Yanzu teku ya fara cin titin ƙasa,
bara ya lashe shagon aski da rabin filin ƙwallo.
Masu kuɗi daga birni suna sayen gidajen matattu,
su shafa musu shuɗin fenti, su rataya ragar da ba ta taɓa jiƙewa ba.

Jiya Graciete, malamar makaranta, ta zo da littafi da biro,
wai tana tattara tarihin gari kafin ruwa ya riga ta.
Na ƙirga mata matakala,
na ba ta ƙararrawa, na ba ta sunayen matan gishiri
har arba'in da uku, sauran sun zube mini a hanya.
Da ta zo kan benci, sai na ce allon ya faɗi kome.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ta rufe littafinta, na raka ta bakin ƙofa.
Fitilar ta kunna kanta, ba kowa a sama.