Maigadi da Kerkeci

Ƙarfe goma Alhaji ya datse sito,
ya miƙo min makulli bai ko dube ni ba.
Tudun Hatsi ta kwanta.
Saura ƙamshin gero da sukuwar ɓeraye,
saura ni da benci da gora,
da wayar da Safara'u ta gaji da ita ta bar min.

Ita ce ta zuba min littafin.
Ta ce, "Baba, don kar barci ya sace ka."
Na ce me ke ciki?
Ta rufe baki da gyale tana dariya.

To ga ni, shekara hamsin da bakwai,
furfura har a gira,
ina bin wata yarinya cikin dajin ƙanƙara
a ƙasar da ban san gabas ɗinta ba,
ina ce mata, ke, koma gida,
wannan saurayin naki ba mutum ba ne.
Ba ta jin magana.
Da ta ji, ai da littafin ya ƙare.

Kerkeci. Ban taɓa sa shi a ido ba.
Mu kura muka sani.
A ƙauyenmu, can bayan Dukku,
an ce wani maƙeri kan tuɓe riga a gindin tsamiya,
ya yi birgima uku, ya tashi da ƙafa huɗu.
Kakata ta ba mu labarin don mu tsorata,
mun kuwa tsorata.
Ba wanda ya taɓa tambaya
ko maƙerin na da wadda yake so,
ko wa ke ɗauke masa rigar kada raɓa ta jiƙa ta.

A nan kuwa tambayar ke nan.
Wata ya cika,
ƙasusuwansa na sauya wuri ɗaya bayan ɗaya,
ya ce mata, gudu!
Ta tsaya.
Sai da na kife wayar
na zagaya sito sau biyu ba gaira ba dalili,
don abin ya tokare min wuya.

Karnukan Bolari suka ɗauki kuka,
na ɗaga kai: fari tas a saman tirelolin masara.
Na yi a'uziyya, na yi dariya, na koma shafina.

Bappa mai shayi ya leƙo wajen ƙarfe biyu.
"Labarin duniya kake dubawa?"
Na ce masa, e, duniya ta rikice.
Ya ce, wallahi kuwa.

Sun ce shi da hanci yake gane tasa,
ko cikin mutum dubu.
Na ce ƙarya ce irin ta masu rubutu.
Sai na tuna lungunmu da asuba,
gida bakwai ana dama kunu,
amma na Daso daban yake zuwar min,
tsamiyarsa ta fi kaifi, tun daga bakin kwata.

Shekara goma sha tara ina kwana a waje.
Gari ya waye in koma wani abu:
jan ido, shaƙaƙƙiyar murya,
yaro ya yi motsi in yi gurnani.
Daso ba ta taɓa gudu ba.
Takan kaɗa yara waje,
ta rataye rigar gadi a ƙusa,
ta saki labule.
Ban taɓa kiran wannan da wani suna ba.

Caji saura kashi uku.
Mafarauta sun kewaye bukkar,
jini na zuba a kafaɗarsa,
ta ɗora hannu a kan sakata,

wayar ta mutu.

Na zauna da baƙin gilashi a tafina
har ladan ya gyara murya.

Da hantsi, kafin in kwanta,
na kira Safara'u gefe kamar mai neman rance.
Na ce, wannan abin naki, yana da na biyu?
Ta ce, "Shida ne, Baba."
Daga madafa Daso ta ce, "Mene ne shida?"
Na ce, kuɗin gero ne.