Hanya Uku a Kwangila

Goggo Lantana ta aiko in zo da la'asar.
Littafin adashinta ya jiƙe, ruwan Agusta ya ci shafi huɗu,
sunan Asabe mai manja ya narke, zubin mako uku ya bi shi.
Ta ce, "Nuratu, ke da aka kashe wa kuɗi a Samaru,
ɗauki littafin nan ki zuba mini shi a waya."

Na ce to. To ba ta da nauyi a baki.
Da dare na buɗe kwamfuta, janareton maƙwabta yana tari,
sai ga ni kamar baƙuwa a Kwangila,
mota uku na lodi, 'yan kamasho na jan jakata,
kowa na rantsuwa tasa ce hanya.

Ta fari 'yar asali ce, ginin tubali,
ƙasar gidan ake kwaɓawa a ɗora a filin gidan.
Ta san kyamara, ta san zanen yatsa, ba ta jiran sabis,
ki taɓa ta, ta amsa kafin ki ɗage hannu.
Sai dai Andiroyid da Ayfon ba sa jin yaren juna:
gida biyu za ki tayar, ke kaɗai ce magini,
ki yi yaɓe a nan, katanga ta tsage a can,
ni kuwa hannuna biyu, aljihuna ɗaya.

Ta biyu ruwa biyu ce, riga guda
a sa wa wa, a sa wa ƙane.
Tanimu ya buga tebur a wurin mai shayi:
"Rubutu ɗaya, kasuwa biyu, me kike jira?"
Bai ce tana ɗame hammata ba,
bai ce a tsohuwar waya tana ɗingishi ba
kamar wanda ya taka ƙaya.

Ta uku ta yanar gizo, rumfa ce.
Ba saukewa, ba cin wuri, adireshi kawai za ki tura,
ki gyara da hantsi, kowa ya gani kafin azahar.
Amma ranar da sabis ya yi yaji
ga ƙishi, ga ruwa, guga ya faɗa rijiya.

Kwana uku ina auna su, barci ya ƙaurace.
Ran na huɗu na rufe kwamfuta, na hau Keke Napep,
na sauka Sabon Gari, layin 'yan manja,
na ce kowacce ta miƙo abin da take kira da shi.
Talatin da ɗaya na ƙirga.
Ayfon guda, ita ma ta aro ce.
Sha tara Andiroyid, fuska a tsage, an ɗaure da kyauro,
ciki ya cika da bidiyon suna da karatun malamai.
Sha ɗaya masu tocila, 'yan madannai,
duk motocin nan uku ba mai zuwa garinsu.
Sabis kuwa ƙarƙashin kwanon kasuwa
sanda ɗaya, ita ma tana jin kunya.

Nan na gane tambayar ba tawa ba ce.
Na ɗauki ruwa biyu, na rage mata kaya,
ta zauna a wayar Goggo, ta riƙe lissafi ko ba data,
duk wadda ta zuba, saƙon tes ya same ta:
an karɓa, saura mako kaza ki kwasa.
Tanimu ya ce ai shi ya faɗa. Na bar shi.
Asabe ta karanta nata sau biyu, ta yi dariya.

Jiya na leƙa. Manhaja na aiki.
Gefen tabarma kuma ga sabon littafi,
an naɗe shi a leda biyu, an sa a kwalla.
Goggo ta ga ina kallo, ta gyara mayafi.
"Naki ba ya jiƙewa," ta ce, "na yarda.
Nawa kuma ba ya neman caji, 'yar Zariya."