Gobe Ni Za A Auna

Na rufe shago tun la'asar, abin da ban saba ba.
Tanimu ya kwashe ƙyallaye, ya rufe keke da zane,
ya ce, "Maigida, Allah ya sa a dace,"
bai dubi bakina ba.
Shekara uku yana hannuna:
ya iya ɗora wuyan kaftani,
ya iya kallon ƙasa idan ina cin abinci.

Shekara ashirin da biyu ina auna mutane a Dilimi,
wuya, kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu.
Gobe ƙarfe tara, a Lamingo,
ni za a zaunar, ni za a auna.

Ga ambulan mai ruwan ƙasa a kan tebur,
a ciki hoton ƙashin kaina.
Na ɗaga shi ga ƙwan lantarki kafin a ɗauke wuta,
na ga muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama
kamar aljihun tebur da aka manta a buɗe.
Haƙoran gaba ba su taɓa gaisawa ba.
Rake sai Uwani ta yayyanka mini ƙanana.
Gasasshiyar masarar bakin tasha kuwa,
ƙamshinta ne rabona.
Da asuba, in sanyi ya gangaro daga duwatsu,
gaɓar gindin kunne ta ce ƙas, ta kulle,
sai an gasa ta da tsumma mai zafi
kafin Fatiha ta fita daidai.

An ce in rubuto tambayoyina.
Na rubuta su a bayan littafin awo,
ƙarƙashin sunan wani da bai biya ba tun ƙaramar Sallah.
Sati nawa zan yi a kan kunu da romo?
Ƙarfen da za ku ɗaura, da shi za a binne ni?
In leɓe ya yi barci, yana farkawa?
Nawa ne, kuma kuna karɓa kashi-kashi?
Na haɗa kwalin maganin hawan jini.
Taba na bari tun azumi.
Sau biyu na koma. Wannan ma zan faɗa.

Tambaya ɗaya biro ya ƙi ta.

Ga Baba a jikin bango,
ɗan kuza, kwano a ka, laka har gwiwa,
a bakin wani rami a Bukuru da ruwa ya cinye tuni.
Bai bar gona ba, bai bar ko ɗaki ba,
haɓar nan ya bar mini.
A firamare Shebur suke kirana,
na kai wa Inna ƙara ina kuka,
ta yi dariya har da hawaye:
ashe sunansa ne a bakin rami.
Har yau in na ratsa layin 'yan taya
tsofaffi sukan ce, "Ɗan Gambo ne,"
ba wanda ya tambayi sunana.

Likita, ni ma da almakashi nake ci.
Na san shadda in ta yanku, ta yanku,
ba ta jin "yi haƙuri".
Shi ya sa kowace riga nakan bar mata rara a ciki,
faɗin yatsa, a ninke, inda ido ba ya kai.
Ka gyara mini cizo, na gaji da haɗiyar loma ɗanya.
Amma in ka zo jan layi,
ka bar rara.
Ka bar mini yatsa ɗaya na Baba.

Ban san yadda ake faɗin wannan da Turanci ba.

Uwani ta goge farin kaftani ta rataye a ƙofa.
Mai keke zai zo ƙarfe bakwai.
Auta ta yi barci a kan tabarma, baki a buɗe.
Na haska ta da tocila,
na daɗe ina duban haɓarta,
sannan na kashe.