Awa Goma Sha Bakwai a Jidda

Jirgi ya sauke mu ana kiran la'asar,
allo ya ce: Kano, sai gobe da hantsi.
Na zazzage aljihu bisa cinya:
riyal ashirin da bakwai,
maɓallin riga guda.
Digirin yana jaka, naɗe da tsohon zanen Inna.

Na je na gaida mai shayi.
Sha takwas, in ji shi, kofi ɗaya.
Na ce Allah amfana,
na kara waya a kunne kamar ana nemana.

Kallo dai ba a biya.
Na ci kasuwar turare da hanci,
nan a fesa mini, can a fesa mini,
dama miski, hagu ambar,
na fito da ƙamshin attajiri
ciki yana tona mini asiri.

Akwai famfo a bakin masallaci,
gora ta cika, ba wanda ya ce sisi.
Akwai kujeru uku marasa hannu
can ƙurya, inda sanyi ya yi sauƙi,
da ramin caji a gindin ginshiƙi
da muka yi ta karɓa-karɓa da wani ɗan Bangaladash
har dare ya raba, ba mu san sunan juna ba.
Takalmi ne matashi, jaka a ƙirji,
barcin zomo, ido ɗaya na gadi.

Sai ga su cikin harami,
farare tas, ana ta labbaika.
Makka fa ga ta nan, tafiyar awa guda,
fasfona kuwa ba hatimin fita.
Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.
Na raka su da ido har gilashi ya raba mu,
na koma na ta da kabbara.
Ban taɓa sallah kusa haka ba.

Wajen biyun dare tsintsiya ta taɓa ƙafata.
"Ɗaga, ya waladi, sannu."
Hausa ce, amma ta sha ruwan Maliya.
Tasalla, haifaffiyar Karantina.
Kakanta ya baro Kazaure da ƙafa,
shekara bakwai a hanya,
ya yi ƙodagon auduga a Sudan kafin ya ga teku.
Ita ba ta taɓa ganin kuka ba sai a miya.

Ta jingina tsintsiyar, ta dubi hagu da dama,
ta zaro fulas daga ƙasan keken shara,
tamis rabi, dabino uku.
Ni kuma na lalubo kwalbar yajin Inna,
ɗan na gindi, wanda na yi wa rowa shekara biyu.
Ta dangwala, ta ɗora a harshe, ta yi shiru.
Idonta ya kawo ruwa.
Ta ce barkonon ne.
Na ce haka yake, da ƙarfinsa.

Ta ce, wai da gaske ƙasarku ƙamshi take in ruwan farko ya sauka?
Na ce, wai yaya Ɗakin yake da asuba?
Ta ce tsuntsaye ma zagayawa suke.
Muka yi ta musayar abin da ba mu gani ba
har wani mai jar hula ya daka mata tsawa daga nesa,
ta soke kwalbar a aljihu, ta ja kekenta.

Da gari ya waye na neme ta,
sha takwas a tafin hannu, na ce yau sai ta sha na kanti.
Wata ce daban riƙe da tsintsiyar,
ba ta jin Hausa.

An kira Kano.
Na sake zazzage aljihu a layi:
ashirin da bakwai, ba su taɓu ba,
maɓallin nan dai,
da ƙwallon dabino uku.
Akwai wani lungu bayan rijiyarmu da ba ya bushewa.
Kuɗin kuwa ba zan canza su ba,
sai ranar da aka buga mini hatimin.